Ajin waƙar ranar Asabar da na saka yarana a Jos, bayan wata shida

Wata shida kenan da na saka yarana biyu a ajin waƙa da ake yi duk Asabar a wani ɗakin taro nan Jos, kuma tunda maƙwabta sai tambayata suke wai ko abin ya kai a kashe masa kuɗin mota a ɓata safiya, bari in faɗi abin da na gani da idona. Autata shekararta 7, yayanta kuma 13 yana JSS 2.

Gaskiya takaici ne ya kai ni can. Bayan an dawo da tsohon taken ƙasa a watan Mayun 2024 na taɓa tsayawa asambuli a makarantarsu, kowane yaro na jan nasa, wasu sun gama baiti wasu ko rabi ba su kai ba, malaman ma leɓe kawai suke motsawa. A takarda dai akwai kiɗa da waƙa cikin darasin CCA, wato na al'adu da fasahar ƙirƙira, amma me ake yi? A kwafi abin da ke allo, a haddace, a zuba a jarabawa, shikenan, yaro bai taɓa buɗe baki ya rera komai tare da ƴan uwansa ba.

Ranar farko na zauna a baya ina jira in ji waƙa, wallahi kusan rabin awa ba a rera ko kalma ɗaya ba. Malamin ya sa kowa ya ɗora hannu a cikinsa, a ja numfashi har cikin ya taso ba kafaɗa ba, sannan a sake shi a hankali ana sssss kamar taya ta yi faci, shi kuma yana ƙirga da yatsu. Raina ya ɗan sosu, na ce Malam yaushe za a fara ne, ya ce Maman yara ai an fara tun ɗazu. Daga nan sai do re mi, wato sunayen matakan hawa da saukar murya, da alamun hannu, dunƙulallen hannu shi ne do, tafin hannu a kife shi ne mi, yana sauya hannu yara na bi ba tare da ya ce uffan ba. Ya ce tsarin daga Ingila ya zo, wani fasto John Curwen ne ya yaɗa shi a ƙarni na 19, kuma shi ne har yau ƴan kwaya, wato mawaƙan coci, na ECWA da COCIN ke rubuta waƙoƙinsu da shi. Ajin dai ba na coci ba ne, akwai yaran Musulmi akwai na Kirista, waƙoƙin na makaranta ne da na gargajiya da taken ƙasa.

Abin da ya sa na yarda da mutumin nan shi ne yadda yake mutunta Hausa. Wata rana ya rubuta kuka a allo ya ce su faɗa, na hawaye da na miya, su saurari inda murya ta tsaya a sama da inda ta sauko a ƙarshe. Ya ce in ka ɗauko karin waƙar Turawa ka cusa masa kalmomin Hausa ba ka duba hawa da saukar murya ba, sai ka tashi cewa yaro na kuka ka ɓige da kiran bishiya. Satin da ya biyo ya kawo wani dattijo mai kalangu, yana matse tsarkiya a hammata kalangun na fitar da kalmar, yaran na cankar wacce ce. Autata har gida ta dawo tana gwada mu, ni da na girma da harshen nan ban taɓa tsayawa na lura da haka ba.

Sai maganar babban nawa. Muryarsa ta fara fashewa ana cikin zango, yana rera sama sai ta kuɓuce, ƴan matan aji suka yi dariya, ya dawo ya ce shi ya bari. Malam ya kira shi gefe ya ce masa duk namiji sai ya bi ta nan, ya sauke shi daga soprano, muryar da ta fi kowacce sama, zuwa alto da ke ƙasa da ita, ya hana shi tilasta maƙogwaro, ya ce inda ya ji zafi ya yi shiru ya saurara kawai. Yanzu yana tsaye kusa da manyan da ke tenor, muryar maza da ke ƙasa da alto, yana jiran lokacinsa.

Amma fa akwai abin da bai yi min ba. Awar farko ana haɗa kowa wuri ɗaya, ɗan shekara 6 da ɗan SS 3, ƙananan su gaji su fara tsalle a kan benci manyan kuma su koma danna waya, mataimakiya ɗaya tal ce kuma ba ta isa ba. An ce ƙarfe 9 amma sau da yawa sai 9 da rabi. In aka ɗauke wuta kibod ya mutu sai sarewa. Wanda ya fi ɓata min rai shi ne kuɗin anko na bikin ƙarshen zango, ba a faɗa mana tun farko ba sai saura sati biyu, iyaye da yawa sun sha wuya kafin su haɗa, na kuma faɗa masa a gabansa.

Kuɗin wata bai kai abin da nake biyan mai lesin lissafi ba. Satifiket babu, kuma karatun rubutun waƙa irin na Turawa da ake yi a kan layuka biyar sama-sama ake taɓawa, don haka wanda ke son ɗansa ya zana Music a WAEC ko jarabawar MUSON, ƙungiyar kiɗa da waƙa ta Najeriya da ke Legas, sai ya nemi ƙarin malami. Ni na riga na biya na zango mai zuwa. In za ku kawo naku lokacin hunturu ku sa musu suwaita ku haɗo su da ruwan ɗumi a filas, ɗakin akwai sanyi da safe kuma Malam ba ya barin a sha ruwan firij kafin a rera.