Goro a Faris: Wasiƙa Zuwa Ga Kawuna a Maradi

Kawu, bayan gaisuwa da fatan alheri, ga bayanin da ka nema game da goro a Faransa.

Ana samunsa a unguwar Château Rouge da ke arewacin Faris, a shagunan 'yan Mali da Senegal da Kodebuwa, kuma masu sayarwa sun ce mafi yawansa daga Anyama yake fitowa, kusa da Abijan. Da ƙwara-ƙwara ko a kan sikeli ake sayar da shi, babu mai zancen ƙwarya (goro ɗari) balle huhu (babban ƙunshin goro). Yana da tsada, kuma idan ka tuna cewa yuro guda ya kusa sefa 656, za ka gane dalilin da ya sa a wajen suna ko ɗaurin aure ake rarraba ƙwara ɗaya tsakanin mutum uku.

Abin da ya fi damuna shi ne rashin kulawa. Mai goro a babbar kasuwar Maradi yana kwance huhu, ya tsince mai sankara, ya yayyafa ruwa, ya sake ganyen fita, shi ya sa goro yake kai wata da watanni har ya zama daushe mai garɗi. A nan kuwa cikin leda ake ƙunshe shi a tura firiji, sai ya yi gumi ko ya yanƙwane, kuma yaron shago bai san bambancin marsa (manyan goro) da minu (ƙanana) ba, ballantana ya zaɓo maka fari mai ƙwari.

Ta fuskar magani kam dole in yaba wa Faransawa. A kantunan magani ana sayar da garin goro cikin ƙwanso don rage gajiya, an rubuta adadin da za a sha a yini, tare da gargaɗi ga masu juna biyu da ƙananan yara. Sinadarin kafeyin da ke cikinsa, wanda ya hana fataken Gwanja gyangyaɗi da jin yunwa a kan hanya, shi ne kuma yake ƙara bugun zuciya, ya kori barci, ya tayar da gyambon ciki, amma a gida ba kasafai ake faɗa wa mai saye haka ba.

Saboda haka ina roƙonka, Kawu, ka lallashi Inna, tunda likita ya ce tana da hawan jini, ta rage goro, ta daina ci bayan la'asar. Na san ba za ta ji daga bakina ba, amma kai tana jin maganarka.