Mujalla ko Gonar Gwaji?

Mai bincike a cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru, Zariya, da ya samar da irin masara mai jure wuta-wuta yana da hanya biyu ta sanar da takwarorinsa. Ko ya rubuta a mujalla: alƙaluma na nan daram, takwarorinsa na Ibadan da na Yamai za su karanta ko bayan shekara goma. Sai dai kafin a tace a buga, damina ta wuce, kuma gwajin da ya ci tura ba kasafai ake rubuta shi ba.

Ko kuwa ya gayyato su gonar gwaji kafin girbi. Nan mutum zai ɓare goyon masara, ya tsuguna ya duba saiwa, ya yi tambaya kan layin shukar da ya ƙi yi, a ba shi amsa a tsaye. Ni na fi son wannan, ko da yake wanda bai samu kuɗin mota ba sai dai ya ji labari.