Pregabalin ko gashi? Amsa ga mai ciwon jijiyar da ke sauka ƙafa

Malam, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Ka tambaya wanne ya fi ga ciwon da ke sauko maka daga ƙugu zuwa ƙafa. Tsakanin ƙara sayen maganin pregabalin ɗin nan da ka ce yana sa ka jiri da kai kuɗin wajen gashi, wato sashen fisiyo na asibiti, ka je gashi. Duka biyun na kashe musu kuɗi, kuma ƙwayar ce nake da-na-sanin saye.

Ni tela ne, shekarata 19 a kan keke. Nawa ciwon ya kama ni a goman ƙarshe na azumin bara waccan, lokacin da muke kwana ɗinki har sahur. Na sunkuya zan ɗaga janareta na ji wani abu ya ce ƙas a ƙuguna. Bayan kwana biyu sai ga raɗaɗi kamar an zura min waya mai zafi daga ɗuwawun hagu, ta bayan cinya, har ƙaramin yatsan ƙafa. Tari ko atishawa sai na dafa bango. Ruku'u ya gagara. Masu zuwa dubiya kowa da sunan da ya ba shi: wannan ya ce sanyi ne, wancan ya ce amosani, wata gwaggota ta rantse jifa ne.

Bayan sallah wani mai kemis ya ba ni pregabalin mai 75, safe da dare, ba tare da takardar likita ba. Da na koma na ce da saura, ya mayar da ni kan mai 150. Daren farko na yi barcin da na yi mako uku ban samu ba, iyakar alherin da zan iya faɗa a kansa ke nan. Daga nan kaina ya zama kamar an cusa auduga. In na miƙe daga kan keke sai shagon ya juya. Idona ya riƙa yin hazo har zaren allura sai yaron shago ne yake zura min. Ƙafafuna suka kumbura, takalmi sau-ciki ya daina shiga, jiki ya yi nauyi, sallar asuba ta fara kuɓuce min. Maiɗakina ta ce tana faɗa min magana, kafin ta kai kicin na sake tambayarta. Ranar da na san abin ya kai inda ya kai, na ɗauki awon wani ango na rubuta da hannuna, na juya na yanka shaddarsa a kan awon wani mutum dabam. Yadi biyar, ni na biya. Duk da wannan, da zarar ƙwayar ta sake ni, wayar nan mai zafi tana nan inda na bar ta.

Daga baya na gane ba ni kaɗai ba ne. A shekarar 2017 an fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a Ostireliya a kan mutum 209 masu irin ciwonmu. An ba wasu pregabalin, wasu kuma ƙwayar da babu magani a cikinta, har tsawon mako 8. Ciwon ƙafar bai ragu a wajen masu shan maganin fiye da na sauran ba, amma an ƙirga illoli 227 a ɓangarensu, 124 a ɗaya ɓangaren, kuma jiri ne kan gaba. A 2020 hukumar NICE, mai tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin jinya, ta ce kada a riƙa ba da pregabalin ko gabapentin don wannan ciwon. Saboda haka in wani ya ce ka koma gabapentin ya fi sauƙi, ka sani 'yan gida ɗaya ne, jirin da barcin duk suna nan. Maganin yana da wurinsa, ana ba masu farfaɗiya da masu raɗaɗin jijiya na ciwon suga, kuma akwai wanda likitansa zai gwada masa ya ji dama. Ni dai ban ji ba.

Amma don Allah kada ka karanta wannan ka jefar da shi yau. Na yi wannan kuskuren lokacin da kuɗi suka yanke min: kwana biyu ban runtsa ba, ga gumi, ga faɗuwar gaba, ga tashin zuciya. Takardar da ke cikin kwalinsa ma ta ce a rage shi a hankali, aƙalla cikin mako guda. Likita ne zai tsara maka, musamman in kana da matsalar ƙoda, domin ta ƙoda yake fita daga jiki.

Gashi kuwa, wani abokin cinikina ne ya matsa min, har ya ɗauke ni a motarsa zuwa sashen fisiyo na wani asibitin gwamnati. Wanda ya duba ni matashi ne, sa'an ƙanena. Ya sa na kwanta rigingine ya ɗaga ƙafar a miƙe, ba ta yi nisa ba na yi salati. Ya sa na taka a kan dunduniya, na taka a kan yatsu, ya shafa gefen tafin ƙafar ya tambaye ni ko ina ji daidai da ɗayar. Sannan ya ɗauko ƙashin baya na roba ya zauna kusa da ni. Ya nuna min faifan da ke tsakanin kowane ƙashi biyu, da yadda na can ƙasa yake bultsowa ya danne saiwar jijiya. Wannan jijiyar, wadda daga sunanta aka samo sunan ciwon, sayatika, ita ce mafi girma a jikin mutum, daga ƙugu take tasowa ta ratsa ɗuwawu ta sauka har tafin ƙafa. Da ya ji sana'ata sai ya ce, “Baba tela, in ɗinki yana tsalle a sama, ina kake fara dubawa?” Na ce kwarkwaro, a ƙasa. Ya ce to haka naka yake, ƙafa ce ke kuka amma matsalar tana ƙugu. Wallahi tun da ciwon ya fara babu wanda ya yi min bayanin da ya shiga kaina sai ranar, kuma tsoron da nake yi na shanyewar ƙafa ya ragu tun kafin a taɓa ni.

Sunan gashi yana ruɗar mutane. Ana zaton fitilar nan mai ja ce maganin. Ana kunna ta, tana da daɗi, tana sassauta nama, amma aikin gaske shi ne motsin da za a koya maka ka je gida ka yi. Nawa shi ne in kwanta rub-da-ciki a kan tabarma, in tokare da gwiwar hannu, daga baya in riƙa ɗaga ƙirji da tafin hannu ƙugu yana ƙasa, sau goma, sau da yawa a yini. Sai tafiya. Na bar masallacin ƙofar shago na koma wanda ke bayan layi uku, don dole in taka. Ya hana ni kwanciya yini guda, ya ce dogon hutu a gado ƙara sandarar da baya yake. A kan keke kuma duk rabin awa in miƙe, in sa naɗaɗɗen tawul a bayan ƙugu, da dare in kwanta a gefe da matashi tsakanin gwiwoyi.

A mako na uku wani abu ya faru da ya tayar min da hankali. Yatsan ya daina zugi, sha-raɓa ta yi sauƙi, amma ƙugun ya ƙara ciwo. Na koma wajen matashin fisiyon a fusace ina cewa an ɓata ni. Ya yi murmushi ya ce abin da yake jira ke nan: in ciwo yana janyewa daga ƙafa yana komawa tsakiyar baya, alama ce mai kyau, in kuwa yana ƙara gangarowa ƙasa to a dakatar da motsin. Haka ya yi ta janyewa, daga cinya zuwa ɗuwawu. Wata uku ina sallah a kan kujera, kuma malaminmu ya kwantar min da hankali da hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari, cewa a yi a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe. Ranar da goshina ya sake taɓa ƙasa a sallar magariba, na daɗe ban ɗago ba.

Ba zan ce maka gashi kaɗai ya yi aikin ba. Yawancin masu wannan ciwon suna samun sauƙi cikin mako 4 zuwa 6, wasu 'yan watanni, domin abin da ya bultso yakan motse da kansa. Ga kuɗin mota, ga layi, ga adaidaita-sahu yana jijjiga ka a hanya. Amma duk tsawon lokacin da hankalina nake aiki, ban sake yanka kayan kowa ba daidai ba. Kuma kada ka kwaikwayi motsina ko na bidiyon waya. Dattijon da hanyar jijiyarsa ta tsuke saboda shekaru, shi sunkuyawa ce ke ba shi sauƙi, nawa motsin zai iya ƙara masa. A duba ka tukuna. In kana Kano akwai sashen fisiyo a asibitin ƙashi na Dala da na Malam Aminu Kano, a Zariya akwai a Shika.

Ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa: mai ciwon baya kasuwa ne a wajen marasa tsoron Allah. Ka guji haɗin nan da ake ƙullawa a leda, ƙwayoyi huɗu ko biyar babu suna. Galibi akwai dexamethasone a ciki da diclofenac ko piroxicam. Za ka ji garau kwana biyu, daga baya fuska ta kumbura, suga da hawan jini su tashi, gyambon ciki ya biyo baya. Wani zai haɗa maka da tramadol mai 225, wanda ma ba a yarda da shi a ƙasar nan ba. Haɗa irinsa da pregabalin yana iya danne numfashi, hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan haka a Disambar 2019, kuma tun Afrilun 2019 ɗin Birtaniya ta sa pregabalin cikin magungunan da ake tsaurara wa doka saboda masu maye da shi. Duk mai sayar maka da shi babu takardar likita, aljihunsa yake dubawa. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a kan kwali. Kada ka bari wanda bai ƙware ba ya yi maka allura a ɗuwawu, jijiyar nan ta nan ta wuce, kuma allura a gurbin da bai dace ba tana iya illata ta. Sai masu na'urar da ake riƙe ƙarfe kwamfuta ta lissafo maka cututtuka, da masu bel mai maganaɗisu. Bel ɗin na saya, yana rataye a ƙusa a shago har yau. Mai fitila ɗaya a ɗaki yana kiran kansa likitan gashi, ka tambaye shi rajistarsa da MRTB, hukumar da ke yi wa masu aikin fisiyo rajista a Najeriya.

Akwai alamun da ba a jira da su. In ka ji tsakanin cinyoyi ko wajen zama ya mutu, ko fitsari ya ƙi fita ko yana zuba ba ka sani ba, ko ciwon ya kama ƙafa biyu, ko tafin ƙafa ya fara ja a ƙasa silifa yana zamewa, asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne. Wannan ya wuce gashi da ƙwaya, wani lokacin tiyata ce cikin gaggawa.

Gobe ka ɗauki kwalin maganin ka koma wajen likitan da ya rubuta maka. Ka faɗa masa jirin dalla-dalla, ka roƙe shi ya tsara maka yadda za ka rage, ya kuma ba ka takardar zuwa fisiyo. Kafin jirin ya sake ka, ka ajiye makullin babur, ka sa wani ya kai ka.