Dodon roba ko dodon kwamfuta?

Masu ƙorafin cewa finafinan ban tsoro sun lalace su duba fim ɗin The Thing na 1982 da na 2011. A na farko, Rob Bottin, mai ƙera dodannin fim, ya ƙera dodon da roba, wayoyi da ruwa mai yauƙi. Hasken fitila na sauka a jikinsa, 'yan wasa na kallonsa ido da ido. Aibinsa cin lokaci: in ya fashe, sai an sake haɗawa.

Na 2011 ma da hannu aka fara, daga baya aka lulluɓe yawancinsa da zanen kwamfuta. Gyara ya zo da sauƙi, amma inuwar ba ta bin hasken ɗakin, dodon ba nauyi, kamar na wasan bidiyo. Ga yawan nuna shi, har ido ya saba, tsoro ya gushe.