Na'urar auna gishiri ko ta koren ganye: wacce za a fara saya?

Malam, ka tambaya wacce za ka fara saya don gwada juriyar shuka ga gishiri. Tunda kuɗin hannunka ba za su kai ga biyun ba, ka sayi na'urar auna gishirin ruwa, wadda ake kira EC mita, ka bar wadda ke auna yawan koren ganye sai gaba.

Tawa ta shekara biyar a hannuna, kuma ita ce ta fitar da ni kunya a gwajin shinkafar da na yi a bokitai da bazara. Na zuba gishiri kimanin giram 6 a kowace litar ruwan taki, ma'aunin ya kai wajen 12 dS/m (awon ƙarfin gishiri a ruwa ke nan), matakin da cibiyar binciken shinkafa ta IRRI da ke Filifin ke tantance juriyar ƙananan tsirrai ga gishiri da shi. Bayan kwana huɗu sai bakin ganyen irin da na fi sa wa rai ya fara ƙonewa, saura ƙiris in rubuta cewa ba shi da juriya. Da na tsoma na'urar sai ta nuna 16, ashe rana ce ta shanye ruwan bokitan gefen yamma, gishirin ya ƙara kauri. Tun daga ranar nake aunawa kowace safiya.

Juriya ba ta aunuwa sai an san yawan gishirin da saiwa ke ciki. A jadawalin masu bincike Maas da Hoffman na 1977, amfanin albasa yana fara raguwa daga 1.2 dS/m, na shinkafa daga 3, alkama kuwa sai ya wuce 6, duk a ruwan da aka tace daga jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Ta koren ganyen kuwa na saya da tsada, tana nan cikin akwati. Gishiri yakan sa ganye ya ƙanƙance ya yi duhu, sai lambarta ta hau alhali shukar tana wahala. Ma'aunin nauyi da rula sun fi ta faɗa mini gaskiya.

Ka yi hattara da masu sayarwa, domin wasunsu sukan miƙo ɗan alƙalamin gwada ruwan sha, wanda lissafinsa ke tsayawa a 2 dS/m, su rantse cewa duk ɗaya ne. Ka nemi wadda ta kai 20 dS/m, kuma kada ka biya sai an gwada ta a gabanka da ruwan saiti, wato ruwan da ake daidaita na'urar da shi, mai lamba 1413 (daidai da 1.413 dS/m).