Ciyawar makwancin barewa: ni dai switchgrass ta Cave-in-Rock, amma a duba takardar buhu kafin a biya

'Yan uwa da ke nan Amurka, musamman na wajen Ohio da Michigan da Wisconsin da Iowa, waɗanda Allah ya hore wa ɗan fili a bayan gari ko suka haɗa kuɗi suka kama hayar dajin farauta, kukan kowa iri ɗaya ne in Nuwamba ta wuce, wai barewa na shigowa filina ta ci ta ƙoshi da daddare amma da rana ko ƙeyarta ba na gani. Toh malam ba ta da wurin kwanciya a wajenka ne. Barewar nan mai farin wutsiya wuni take kwance cikin duhuwa sai magariba ta kawo jiki ta miƙe, in makwancinta na filin maƙwabcinka shi zai ci nama, kai kuma ka tashi da hotunan ƙarfe biyun dare a kyamarar da ka kafa a filin, doka kuma ba ta yarda da harbin dare ba.

Shi yasa ake shuka switchgrass, ciyawa ce 'yar asalin filayen Amurka ta Arewa, sau ɗaya ake shuka ta ta yi shekaru tana tohowa. Abin da ya sa na fifita ta a kan sauran abu ɗaya ne tak: dusar ƙanƙara. Duk ciyawa kyakkyawa ce a watan Agusta, ka dawo a Janairu bayan ƙanƙara mai nauyi ta sauka ka ga wacce ke tsaye. Big bluestem, wadda 'yar uwar gambarmu ce ta gida, ta fi ta tsawo amma kwanciya take shame-shame, indiangrass ma haka, kuɗinka ya tafi a banza daidai lokacin da barewa ta fi neman mafaka daga iska. Giant miscanthus, wata ƙatuwar ciyawa, tana tsayawa kam har ta wuce ƙafa 10, sai dai ba ta da iri, saiwa ake dasawa ɗaya bayan ɗaya, a yi shingen gefen titi da ita ba laifi amma eka biyar? Aljihu zai yi kuka. Egyptian wheat kuwa dawa ce kawai, duk shekara sai ka sake shuka.

A cikin switchgrass ɗin ma akwai kala-kala, kuma nan ne ake rikicewa. Akwai ta tudu akwai ta fadama. Alamo ta fadama ce, daga Texas, an fitar da ita 1978, ƙatuwa ce amma in kana arewa sanyi zai kashe maka ita, a bar wa mutanen kudu. Kanlow ma ta fadama ce, 1963, asalinta Oklahoma, ita ba zan raina ta ba domin in filinka ruwa na kwanciya a ciki ita ce maganinsa, tana haura ƙafa 7 da kara mai kauri, illarta jinkiri wajen kama ƙasa kuma can arewa sosai ba ta da tabbas. Blackwell da Dacotah gajeru ne, ga ƙaton namijin barewa mai ƙaho ba sutura ba ne.

Cave-in-Rock ita ce tawa. Sunan wani ƙauye ne a kudancin Illinois a bakin kogin Ohio, nan aka samo asalin irin, cibiyar tsirrai ta ma'aikatar gona da ke Elsberry a Missouri ta fitar da ita a farkon shekarun 1970. Ta tudu ce amma ba ta tsoron ƙasa mai ɗan laima, tana kai ƙafa 5 zuwa 6 in ta samu rana sosai, kuma wannan tsawon ya isa, barewa a kwance take ba a tsaye ba, abin da take so shi ne kar a hango ta kar iska ta dake ta. In ƙanƙara ta danne ta takan sunkuya, da rana ta fito ta narke sai ka ga ta miƙe abinta. Na taɓa kutsawa cikin wadda ta shekara uku ana tsakiyar hunturu, a waje iska na yanka kunne, ina durƙusawa ciki sai tsit, ga makwantai nan kwal-kwal an murƙushe ciyawar kamar faifai, gashi fari-fari a manne, kashinsu a gefe. Ga ta da sauƙin samu, kusan duk mai sayar da irin ciyawar daji yana da ita, farashinta kuma da dama-dama. Akwai RC Big Rock da aka tace daga jikinta a Kanada, masu ita na cewa ta fi saurin tashi, na yarda tana da kyau, amma bambancin kuɗin ni bai gamsar da ni ba ga mai farawa.

Yanzu ga inda nake so a buɗe kunne, don wallahi zaɓen kala ba shi ne ke kayar da mutane ba, sayen irin ne. Irin ciyawar nan ba da nauyin buhu ake sayensa ba, da abin da ake kira PLS ne, wato tsantsar iri mai rai. A takardar buhu akwai kason tsabta akwai kason tsiro (a haɗa da na irin da ke barci), sai ka ninka su da juna. Misali tsabta kashi 90, tsiro kashi 70, ya ba ka 63, kenan buhu mai laba 10 iri na gaske a ciki laba 6.3 ne, sauran ƙaiƙayi ne da mataccen iri. Eka ɗaya na son wajen laba 6 zuwa 8 na mai rai. Mai wayo zai rubuta maka farashin laba da araha a intanet bai ce maka wane irin laba ba, ka ɗauka ka yi riba. Wani mutum da ke talla a Facebook ya taɓa haɗa ni da buhu ba takarda ba komai, ya rantse Cave-in-Rock ce daga gonar ɗan uwansa, abin da ya fito rabi foxtail, wata ciyawar banza, rabi wata gajeruwar ciyawa da ko gwiwa ba ta kai ba, da na neme shi lambar ta daina shiga. Kuma ba yadda za ka gane kala da ido, irin duk iri ɗaya ne, ɗan mitsitsi mai santsi da sheƙi yana zubewa ta tsakanin yatsu.

Don haka buhun da ba takarda kar ka taɓa ko kyauta ne. Wanda aka rubuta VNS, ma'ana ba a faɗi kala ba, shi ma ajiye shi, zai iya zama na Texas. Duba ranar gwaji, in ta haura shekara ka ce a kawo sabo. Duba kason irin da ke barci, sabon girbi da yawansa ba ya tsirowa sai ya sha sanyi da laima, ba ha'inci ba ne wannan, amma dole ka sani don shi zai gaya maka lokacin shuka. Sai layin irin ciyawar banza, wannan ma ya fi komai muhimmanci. A 2016 an samu Palmer amaranth, wani mugun ɗan uwan alayyafo da ke bijire wa maganin feshi, ya ɓulla a filayen da aka shuka cakuɗen irin daji a Iowa da Minnesota, ta cikin iri ya shigo. Ka kawo wannan kusa da gonar waken soya ta maƙwabcinka ka ga yadda gaisuwa za ta ƙare. Sannan buhunan nan masu hoton ƙaton ƙaho da sunan burgewa, juya bayan ka karanta, sau tari kaso mai yawa na nauyin rufin da aka yi wa irin ne, ko an cakuɗa da bluestem ɗin da muka ce tana kwanciya.

Shukar kanta ba wuya sai haƙuri. Fili mafi kyau shi ne wanda aka cire waken soya, in kuwa tsohuwar ciyawa ce sai ka kashe ta da maganin feshi na glyphosate tun kaka. Ni na fi son watsawa a Fabrairu ko Maris kan ƙasa tsirara, daskarewa da narkewa su shigar da irin su kuma tashe shi daga barci, in da injin shuka ne kar zurfin ya wuce kwatan inci. Kafin ya tsiro a fesa maganin hana ciyawar banza fitowa, simazine, ko atrazine da manoman masara suka sani, amma shi atrazine a nan sai da lasisi. Kar ka zuba takin yuriya a shekarar farko, ciyawar banza za ka ciyar. In foxtail ta taso quinclorac na maganinta, ko ka yanke ta sama-sama.

Shekarar farko za ka rantse ba abin da ya fito, saiwa take yi a ƙasa, kar ka sa garma. Tsuguna ka duba gindin ganye inda ya haɗu da kara, in ka ga ɗan tsukun gashi fari ita ce. Ta biyu ta kai ƙugu, ta uku ta rufe ka. Kuma kar ka mamaye filin duka da ita, barewa ba ta damu da cin ta ba, bar 'yan tsibirai na ƙananan itatuwa da ganyaye a ciki don ta samu abin tsinka daga kwance. Bayan shekara uku zuwa biyar a sa mata wuta da bazara, da izinin hukumar kashe gobara ta yankinku. Kafin ka biya ko sisi leƙa ofishin NRCS, hukumar ma'aikatar gona mai kula da ƙasa da ruwa, na ƙaramar hukumarku, wani lokaci shirinsu na tallafi mai suna EQIP na ɗaukar wani kaso na kuɗin, sai dai suna da nasu sharaɗin kan irin da za a shuka, kuma sai an sa hannu a takarda kafin ka fara aiki.