NFS ko CephFS: ina za ka ajiye akwatunan imel ɗinka?

Malam, na ga tambayarka: kana da akwatunan imel kusan 2,000 a saba ɗaya mai Postfix (manhajar aikawa da karɓar saƙo) da Dovecot (manhajar da ke buɗe wa mutane akwatunansu), kana so ka mayar da su kan sabobi biyu masu aiki tare, amma ka rasa ma'ajiyar da dukansu za su riƙa gani, NFS ko CephFS.

NFS tsohon hannu ne. Inji ɗaya ke riƙe da faifan, sauran su ɗaura shi ta tasha 2049 kamar nasu. A yini guda ka gama saitinsa, kuma in ya tsaya da tsakar dare ka san inda za ka leƙa. Matsalarsa, in injin nan ya faɗi, kowa ya faɗi. Shi ya sa ake yi masa ɗan'uwa da DRBD, mai kwafe faifan inji ɗaya zuwa na wani ta waya, wanda ya shiga Linux tun sigar 2.6.33 a 2010. A tsarinsa na Protocol C, rubutu ba ya kammala sai ya sauka a faifan injinan biyu, sannan Pacemaker da Corosync, manhajojin da ke lura da wanne inji ke aiki, su miƙa adireshin IP ga wanda ke raye. Mutane za su ji ɗan tsaiko, domin NFSv4 na jiran daƙiƙa 90 bayan ya tashi kafin ya ba da sababbin makullai. Don Allah kada ka tsallake STONITH, wato hanyar kashe injin da aka daina jin ɗuriyarsa. In waya ta yanke tsakaninsu, kowanne zai ɗauka shi ne mai gida, ka wayi gari da kwafi biyu da suka saɓa.

Ceph, wanda CephFS ke kansa, yana rarraba bayanai a injina da yawa, don haka ba shi da wannan inji guda da ake jin tsoron faɗuwarsa, kuma ƙara masa faifai ba wuya. Sai dai yana da tsada ta wata fuskar. Yana son injina uku masu sa ido domin a samu rinjaye, yana ajiye kwafi uku na komai, don haka terabait 6 na faifai zai ba ka 2 kacal. Yana son layin gigabit 10 tsakanin injinan. Ga kuma Maildir, inda kowane saƙo fayil ne mai zaman kansa: miliyoyin ƙananan fayiloli duk sai sun bi ta MDS, mai riƙe sunayensu, shi kuwa RAM yake ci. A wurin da wuta ke ɗaukewa kafin janareto ya kama, injina uku da faifan SSD masu kare rubutun ƙarshe ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Amma abin da ya fi damuna ba ya cikin tambayarka. Ko wanne ka zaɓa, kada sabobi biyu su taɓa akwatin mutum ɗaya a lokaci guda. Wayarsa ta shiga ta saba ta farko, sabon saƙo ya sauka ta ta biyu, kowacce tana rubutu a fihirisar Dovecot da abin da ta tuna. A NFS nan ne fihirisa ke lalacewa. A CephFS kuma injinan na ta ƙwace fayil ɗin daga juna, aiki ya yi nauyi. In mdbox kake amfani da shi, tsarin Dovecot mai tara saƙonni da yawa a fayil ɗaya, abin ya fi muni, domin alamomin saƙo, an karanta ko an amsa, a fihirisa kaɗai suke. Da can director ke ɗaure kowane mutum da saba ɗaya, amma an cire shi tare da replicator, mai kwafe akwatuna tsakanin sabobi, a Dovecot 2.4 da ta fito a 2025. Duba sigarka tukuna. In 2.4 ce, sa wakili (proxy) a gaba, ka rubuta wa kowa proxy da host a passdb, inda Dovecot ke duba masu shiga, kuma LMTP, hanyar da sabon saƙo ke shiga akwati, ma ya bi ta nan. Rabon HAProxy, mai raba masu shigowa tsakanin sabobi, bisa adireshin mai shigowa bai isa ba, tunda wayarsa da kwamfutarsa adireshinsu daban.

Sauran saitin kaɗan ne: mmap_disable = yes, mail_fsync = always, lambar asusun vmail mai mallakar fayilolin imel iri ɗaya a ko'ina, chrony ya daidaita agogo.

Wajen ƙaura, yi da doveadm backup, domin yana riƙe lambobin saƙonni da UIDVALIDITY, lambar da waya ke gane akwatin bai canza ba da ita. imapsync, wata manhajar kwafe akwatuna, ba ya riƙe su, sai wayoyin mutane su sake sauko da komai su cinye musu data. Lura da alkiblar umarnin sosai, domin yana goge duk abin da ya tarar a masauki wanda babu shi a tushe. Rage TTL na DNS, wato tsawon lokacin da ake tuna tsohon adireshin saba, zuwa daƙiƙa 300 tun kwanaki kafin ranar, ka kwafa sau da yawa tsohuwar saba na aiki, ka bar zagaye na ƙarshe ga daren sauyi.

Ni da akwatuna 2,000 da ma'aikaci ɗaya, NFS a kan DRBD zan ɗauka ba tare da jinkiri ba. In kuwa kuna da Ceph a ƙarƙashin Proxmox, mai gudanar da sabobi da yawa a cikin inji, tun da, ba kowace saba faifan RBD nata, wato faifan Ceph da saba ɗaya ke ɗaurawa, ka raba mata mutanenta, ka bar CephFS. Turo mana sigar Dovecot ɗinka da tsarin akwatunan, mu duba saitin wakilin tare.